Rigar da Haro Ya Ci

A bakin wata gona da ke kan hanyata, tarakta na tsaye shiru, haro a bayanta, haƙoransa cike da ɗanyar ƙasa. Direban na durƙushe tsakaninsu, daga shi sai singileti. Ƙato ne, furfura ta fara cin gemunsa. Makullin taraktar kuwa yana cije da shi a baki, kamar mai tsoron kada injin ya tashi da kansa.

Tsumma yake warwarewa daga sandar ƙarfen da ke juya haron. Shuɗin yadi ne mai kyau, har da aiki a wuya. Ina jin ciyawa ce ta sarƙe, ya sauko cirewa bai kashe inji ba, sandar ta cafki bakin rigarsa.

Mai gonar, wani dattijo, sai zagaya shi yake yi. "Ɗana, ka tabbata ba ta taɓa ka ba?"

Direban ya zare makullin daga baki. "Baba, riga ta nema, na bar mata. Telan nan da nake zagi kullum don ɗinkinsa ba ƙwari, yau kam Allah ya yi masa albarka!"

Dariya yake, har da buga cinya. Amma hannunsa na hagu bai daina shafa na dama ba, tun daga kafaɗa har yatsu, kamar mai gaisawa da ɗan'uwan da ya dawo daga doguwar tafiya.