Manhajar rakiyar asibiti da na haɗa saboda Goggo

Shekarun baya, ina sabuwar shiga aikin rubuta manhaja, a flat ɗin goggona nake zaune a unguwar Woolwich. Goggo na fama da ciwon ido, kuma in aka ɗiga mata magani a asibiti ba a barinta ta koma gida ita kaɗai, don gani yakan dushe. Wata rana aka hana ni hutu a wurin aiki, aka rasa mai raka ta, aka yi cancel ɗin ganin likitan. Sabon lokacin da suka ba ta sai bayan watanni. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ba komai, 'yar nan." Da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ba wata ƙawata 'yar China labarin, wadda muka yi karatu tare. Sai ta nuna mini wata 'yar manhaja da ta rubuta wa tsofaffinsu: tsoho ya sa ranar asibitinsa, mai sarari a cikin jama'arsu ya danna ya ce shi zai raka. Ta ce in ɗauki code ɗin, wato rubutun manhajar, kyauta. Sai dai irin waɗannan ƙananan manhajoji ba sa tsayuwa da ƙafarsu, a cikin babbar manhajar hira ta mutanensu kawai suke buɗewa. Su Goggo kuwa ba mai ita.

"Akwai plugin," in ji ta. "Ki jona shi a bundler, zai mayar miki da ita shafin yanar gizo."

Bundler shi ne abin da ke tattara fayilolin da ka rubuta ya ɗaure su yadda browser, wato manhajar buɗe shafukan yanar gizo, zai gane, plugin kuma ɗan ƙari ne da ke koya masa sabon aiki. Na gyaɗa kai kamar na saba. Ban taɓa yi ba. Amma a taron matan unguwa har miƙewa na yi na ɗauki alkawarin zan haɗa mana tamu, aka yi ta sa mini albarka.

Na zauna na rubuta saitin bundler ɗin, ya gama ɗaurewa babu kuskure ko ɗaya. Na buɗe shafin, fari fat. Bayanin plugin ɗin da Sinanci yake, fassarar na'ura kuma ƙara rikita ni ta yi. Na yi kwanaki ina kallon farin shafin nan kafin in gane cewa a ƙasa na jera plugin ɗin, kafin layi ya zo kansa wani plugin ya riga ya watsar da fayilolin da bai gane ba. Na mayar da shi sama. Shafuka suka fito, amma maɓalli ɗaya ya cinye rabin fuskar kwamfuta, saboda ma'aunin girma na babbar manhajar hira ba shi ne na browser ba. Goggo ta leƙo ta bayana ta ce, "Wannan kam ko ni ina gani." Na gyara ma'aunin, rubutun dai na bar shi da girmansa.

Matsalar ƙarshe ce ta fi ba ni wuya. Manhajar takan tambayi babbar manhajar hira ko wane ne ya shigo, a yanar gizo kuwa babu wanda za ta tambaya, sai ta tsaya cik. Na rubuta ɗan fayil nawa mai neman lambar waya, na gaya wa bundler a saitin cewa duk inda ya ga waccan tambaya ya musanya da nawa. Wata Asabar da la'asar na danna, ta buɗe tun daga farko har ƙarshe. Ihun da na yi sai da Goggo ta fito daga kicin riƙe da ludayi tana salati.

Ita ta fara yin booking, da hannunta, ni kuma na tura wa matan unguwa adireshin shafin, suka yi ta yaɗawa. Kafin magariba wata nas 'yar Filato da ke Peckham, wadda ba mu taɓa sani ba, ta danna ta ce za ta raka ta. Ranar asibitin na dawo daga aiki na tarar da su a falo, Goggo sanye da baƙin tabarau, suna cin tuwo suna gulmar likitan, kamar waɗanda suka tashi gida ɗaya.

Tun daga lokacin na rubuta manhajoji da suka fi wannan girma nesa ba kusa ba, amma babu wadda nake tunawa in ji daɗi ya cika mini ƙirji irinta. Saitin duka bai cika shafi ɗaya ba, ga shi har yau tsofaffin unguwarmu na samun 'yan rakiya ta dalilinsa. Nas ɗin nan kuwa ta zama 'yar gida. In Goggo ta soya naman Sallah, nata ake fara ƙullewa, ni sai abin da ya rage.