Malamar da Ta Tara Kuskuren Yara Shekara Talatin da Ɗaya

Kullum bakwai saura kwata take tura ƙofar ajin, tun mai shara bai gama da baranda ba. Ta ajiye jaka, ta goge allo, ta zaro littafi mai baƙin bango daga aljihun tebur ta rubuta kwanan wata. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana koyar da lissafi a aji huɗu na firamare, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye alli. Yara suna kiranta Malama Ta-Yaya, don tambayar ba ta barin bakinta.

Idan yaro ya kawo amsar da ba daidai ba, ba ta zabga masa jan biro. Sai ta durƙusa gefensa ta ce, "Ɗana, ta yaya ka samo wannan?" Abin da ya faɗa shi take rubutawa a baƙin littafin, yadda ya fito daga bakinsa, tare da karkatacciyar amsar tasa.

Wani tela da ya zauna a ajinta shekara ashirin da suka wuce har yau yana ba da labari. An ce su cire talatin da takwas daga hamsin da biyu, ya rubuta ashirin da shida. Ya riga ya sadaƙar zai sha bulala. Da ta tambaye shi, ya ce, "Malama, ai takwas ba ta fita daga biyu, shi ne na juya su." Ta yi dariya ta ce, "Ashe kana da kai, hanya ce kawai ta ɓace maka." Ta kawo tsinken ashana ɗauri biyar, goma-goma, da guda biyu a gefe, ta sa ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ara. Telan ya ce daga ranar bai ƙara jin tsoron lamba ba, ga shi yau da awo yake ciyar da iyalinsa.

Littattafan suka kai arba'in da uku, cikin kwalaye huɗu a ƙarƙashin gadonta. Maigidanta yakan tsokane ta: "Mata suna tara zannuwa, ke kina tara shirmen 'ya'yan mutane."

"Shirmen nan shi ya koya mini aikin, Malam. Yaro ba ya kuskure a banza, da dalilinsa."

Abu ɗaya ke cin ranta: wa za ta bar wa? Cikin 'ya'yanta babu mai koyarwa, sababbin malamai kuwa sauri suke su gama manhaja.

Bara sai ga wani Dakta mai binciken yadda yara ke koyon lissafi ya zo makarantar. Shi da abokan aikinsa darussa suke shiryawa a intanet, don yara su riƙa koyo ta waya. Da ya buɗe littafi ɗaya, sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Mama, wannan ai taska ce. Ki ara mana mu buga a kwamfuta, malaman da ba su taɓa ganinki ba su amfana." Da kanta ta taya su ɗora kwalayen a mota. Ranar ta koma gida tana jin ta sauke nauyi.

Bayan wata takwas Dakta ya gayyace ta ofis ta ga aikin. Aka zaunar da ita gaban kwamfuta. Shafin farko: hamsin da biyu a cire talatin da takwas, goma sha huɗu. Ta ce a wuce gaba. Duk daidai. A wuce. Duk daidai.

Ta ce, "Dakta, ina ashirin da shidan?"

Ya fita ya tambayi masu bugawa, ya dawo fuskarsa a sauye. An ba su umarnin da ake ba su kullum, su tsabtace bayanai, su gyara duk kuskuren da suka gani. Su kuwa suka ga amsoshi a karkace da rubutun dattijuwa, suka ɗauka ita ce ta ruɗe, suka gyara mata ɗaya bayan ɗaya don su rufa mata asiri. Maganganun yaran kuma suka ɗauke su surutu, suka tsallake.

"To, littattafan nawa fa?"

Dakta ya sunkuyar da kai. Da suka sauya ofis an kwashe sito, masu shara suka tafi da kwalayen tare da tsofaffin jaridu. Ya yi ta ba ta haƙuri. Ta ce, "Allah ya kiyaye gaba," ta ɗauki jakarta. Sai da ta isa gida ta zauna a ƙasa ta yi kukan da maigidanta ya ce bai taɓa jin irinsa a bakinta ba.

Darussan sun fito, kuma zango mai zuwa da su za a koyar a ajinta. Idan yaro ya yi kuskure, wayar takan nuna ja ta ce ya sake gwadawa. Ba ta tambayarsa komai. Wallahi abin da ciwo. Malama ta sayi sabon littafi don ta rubuta daga ka, ta kai shafi na tara ta tsaya. Amsoshin tana tuna su, amma abin da yaran suka ce ya tafi.

Malama, ke ce mai durƙusa wa yaro don ki ji dalilinsa. Ke ce kika ɗauki kuskuren ɗan shekara tara da daraja, lokacin da kowa ke ganin abin duka ne. Ba mu iya riƙe miki amanarki ba, kuma babu jinjinar da za ta dawo da shafi ɗaya. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sanyaya miki zuciya.

Ku kuma matasan malamai, abin da ya rage yana cikin kanta, kuma har yanzu tana shiga aji. Ta roƙi shugaban makaranta ya sanar cewa duk mai son ganin yadda ake yi ya zo ya zauna, ta ajiye kujera a bayan aji saboda haka. Ku je, don Allah. Mako biyu ke nan ba wanda ya zauna a kujerar, kuma saura kwana tara.