Garken da Na Ƙirga Wa Kwamfuta

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan abu. Sau uku ina sayen littafi dominsa, sau uku 'ya'yana suna ƙarar da shi a aikin makaranta ban sa ko harafi ɗaya ba. Karatuna a firamare ya tsaya, ina tsoron in rubuta abin da ban fahimta ba in ɗauki alhakin wani. Kuma laifin da ke cikin labarin nawa ne. Amma shekaru sun ja, kuma akwai tambayar da ba ni da wanda zan yi wa sai ku.

A ƙarshen shekarun casa'in ina masinja a wata makarantar manyan ɗalibai a Gumel. Aka kawo kwamfuta guda uku, aka ware musu ɗaki, aka sa labule, aka ce ba a shiga da takalmi. Ni aka ba mabuɗi, saboda an san ina komawa in taɓa kwaɗo sau biyu bayan na kulle. Aikina in share, in lulluɓe su da ƙyalle, in kashe komai da zarar an ɗauke wuta. Ban taɓa danna ko maɓalli ɗaya ba.

Ɗalibai biyu ne suka fi kowa zama a ɗakin. Ɗaya dogo ne ɗan Gagarawa, mai yawan dariya. Ɗayan yana sa tabarau, ɗan wani ma'aikaci ne Kirista da aiki ya kawo shi daga wajen Filato, amma a Gumel aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa fita. Idan an tashi darasi bayan azahar sai su roƙe ni in bar su zuwa la'asar. Malaminsu ya yarda, ni ma na yarda, amma nakan zauna a bakin ƙofa ina kallonsu, domin mutum biyu da suke ƙus-ƙus a gaban na'ura ba su kwanta mini a rai ba.

Wata rana dogon ya kira ni. "Baba, zo ka ga garinmu."

Na leƙa. A gilashin kwamfutar akwai fili ruwan ƙasa, da wasu ɗigo-ɗigo kore, da wani ɗan mutum kamar tsinke riƙe da sanda. Suka ce wasa suke ginawa. Makiyayi ne zai taso da garke daga rugarsu ya kai kasuwar Maigatari. Mai wasan shi ne makiyayin. Idan shanu suka faɗa gona, an ci shi. Idan suka yi nisa ba ruwa, an ci shi.

"To me za a samu idan an kai?" na tambaya.

"An kai ɗin, shi ke nan," in ji mai tabarau.

Wannan amsar ba ta gamsar da ni ba. Mutum ba ya wata biyu yana wahala a kan shi ke nan. Amma sai dogon ya ce matsalarsu ba su san hanyar ba, shi a mota kawai ya taɓa zuwa Maigatari, kuma an ce musu ni na santa.

Gaskiya na santa. Ina da amini Bafillace da rugarsu take gefen Ɗanzomo, wajen Sule Tankarkar. Shekara kusan ashirin muna tare, saniyata tana hannunsa, ta haihu, 'yarta ma ta girma, duk a cikin garkensa suke. Ba takarda tsakaninmu, ba shaida. Ni Bamange ne, ɗan asalin ƙasar Gumel, shi Bafillace, akwai wasa tsakaninmu, bai taɓa kirana da sunana ba sai "bawana". Sau da yawa na bi shi a ƙasa har kasuwa.

Ban san me ya hau kaina ba. Ina jin daɗin a ce yau masu ilimi ne suke tambayata. Na zayyana musu burtali, wato hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki. Na faɗa musu inda rijiya take, da tsamiyar da ake hutawa, da kwarin da ake sauka a ɓace wa ido. Na faɗa musu jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho da take jan gaba. Mai tabarau yana rubutawa. Sai ya ɗago ya ce, "Baba, shanu nawa za mu sa? Nawa ne a garken abokin naka?"

Na faɗa masa.

Duk wanda ya zauna da Fulanin wajenmu ya san ba a tambayar makiyayi adadin shanunsa, kuma ba a ƙirga masa su. Shi da kansa ba ya ƙirgawa, da kamanni da suna ya san su, idan ɗaya ba ta nan ya sani. Suna cewa ƙirga yana ɗauke albarka. Ni kuwa na san adadin ne domin na taɓa ƙirgawa a ɓoye, a bakin rijiya, ina yi kamar tasbihi nake ja. Ba don ina zarginsa ba. Halina ne, ba na iya ganin abu da yawa ban ƙirga ba. Shekara biyu ina riƙe da wannan a cikina, matata ma ban faɗa mata ba, sai ga shi na faɗa wa ɗalibai a ɗakin kwamfuta. A nan ma ba zan rubuta shi ba.

Bayan kwana huɗu suka sake kirana. Ga burtali, ga rijiya, ga tsamiya a daidai inda take. Ga wata jar aba a gaban garke. A can sama, ta hannun dama, ga adadin nan a rubuce da farin rubutu. Dogon ya kora shanun, ɗaya ta kauce ta shiga kore, wato gona, sai na'urar ta yi ƙara, adadin ya ragu da ɗaya. Na matsa kusa da gilashin.

"Ina ta tafi?" na ce.

"Babu inda ta tafi, Baba. In aka sake farawa za ta dawo."

Ranar ce na fara sauraron hirarsu da kyau. Mai tabarau yana cewa ya karanta a wata mujalla cewa a ƙasashen waje an haɗa kwamfutoci da wayar tarho, mutum yana ɗakinsa zai shiga fili ɗaya da wanda ke wata ƙasa, su yi wasa, su yi ciniki, ba su taɓa ganin juna ba.

Dogon ya ce, "Kai dai ka cika mafarki. Mu da wuta ma sai an ga dama."

"Za ta zo. Wata rana mutumin Legas zai kora shanun nan zuwa Maigatari."

"Ya kora su cikin gero, manoma su fasa masa kai. To in kowa ya shige cikin akwati, wa zai je gaisuwar mutuwa? Wa zai je suna?"

"A can ɗin za a yi."

"A ci tuwon a can?"

Suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Abu ɗaya na ji: mutumin Legas zai ga wannan. Hanya, da rijiya, da kwarin da ido ba ya kaiwa, da yawan shanun. Ɓarawon shanu me yake nema da ya wuce wannan? Mai karɓar haraji fa? Na ce musu, "Wannan abin yana fita daga ɗakin nan?"

Dogon ya zaro wani faifai baƙi mai kusurwa huɗu daga aljihu, bai kai tafin hannu ba. "Duk yana cikin nan, Baba. Mun ma ba wani abokinmu ɗaya ya tafi da shi Kano, su gwada."

"Wane aboki? Ɗan wa ne? Me ubansa yake yi?"

"Baba, kai kam da ɗan sanda ka zama," in ji shi.

Daga ranar na sa musu ido. Na lura dogon yana zuwa Maigatari ran Alhamis, ya ce wurin kawunsa, ban yarda ba. Na lura mai tabarau yana sa faifan a aljihun ciki, ba na waje ba. Na yi tunanin kai ƙara wurin shugaban makaranta, sai na tuna zai tambaye ni wa ya ba su adadin. Na yi tunanin ɗauke faifan ranar da suka manta shi a kan tebur. Na riƙe shi a hannuna, sannan na mayar, domin sata ce, kuma mabuɗin amana aka ba ni.

Sati uku bayan haka aminina ya shigo Gumel, ya biyo ta makaranta da ƙwaryar man shanu kamar yadda ya saba.

"Bawana, har yanzu kana gadin akwatunan Nasara? Me suke ci ne?"

Na ce wuta suke ci. Na tambayi gida, na tambayi shanu. Ya ce lafiya lau, sai dai wata karsana ta ɓata musu kwana shida ke nan, sun bi har tsallaken iyaka ba labari.

"A ina ta ɓata?"

"Wajen kwarin nan, bayan tsamiya."

Na miƙe daga kan dakali. Na ce masa akwai abin da zan nuna masa, ya cire takalmi. Ya jingine sandarsa a bakin ƙofa ya shiga yana taka siminti kamar mai shiga masallaci. Ɗaliban suka miƙe suka gaishe shi, murna ta kama su da suka ji shi ne mai garken. Dogon ya kunna.

Da farko dariya ya yi har da riƙe ciki. "Waɗannan ne shanu? Ai kaska ce! Kai, yaro, wa ya ce maka ana kora shanu daga baya kamar jakai? Gaba ake shiga, su biyo ka." Mai tabarau ya jawo takarda yana rubutawa. Aminina ya nuna rijiya da yatsa, ya nuna tsamiya, ya ce, "Wallahi nan ne." Da ya ga jar nan a gaba sai ya juyo ya kalle ni yana murmushi. "Bawana ne ya faɗa muku."

Sai idonsa ya kai sama ta hannun dama. Bai yi boko ba, amma ya san lamba, yana ganinta a jikin kuɗi da jikin mota.

"Wancan fa?"

"Yawan shanun ne, Baffa," in ji dogon. "Baba ne ya ba mu. Daidai ne ko?"

Aminina ya ƙura wa lambar ido. Ya daɗe yana kallon wurin. Murmushin ya tafi. Ya juyo gare ni, a karo na farko cikin shekara ashirin bai ce bawana ba.

"Malam, yaushe ka ƙirga?"

Na faɗa masa gaskiya: a bakin rijiya, shekara biyu da suka wuce. Na fara bayanin faifan da aka kai Kano, da cewa ina zargin ta nan aka san kwarin. Ya ɗaga hannu.

"Kowane ɗan kiwo ya san kwarin nan. Ba akwati ne ya ɗauki karsanata ba." Ya nuna ɗaliban. "Waɗannan ba su sani ba. Kai ka sani."

Ya fita ya ɗauki sandarsa. Man shanun ya bar mini a kan dakali.

Ɗaliban suka rikice. Mai tabarau ya ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mana ba? Ai gogewa ba wuya." A gabana ya zauna ya cire lambar. Ya ce daga yau mai wasa sai dai ya san shanunsa da ido, in ɗaya ta ɓata ya lura da kansa. Dogon ya gwada ya ce wasan ma ya fi daɗi haka. Na ce, na Kanon fa? Suka kalli juna. Suka ce za su aika a karɓo. Har suka gama makarantar ba a karɓo ba. Abokin ya ce ya ara wa wani, wanin ya ce ya kwafa wa wasu.

Ranar Laraba ta satin da ya biyo bayan shigarsa ɗakin kwamfuta, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gidana. Aminina ne da kansa, riƙe da igiya biyu: saniyata da 'yarta, sun yi ƙiba, ba abin da ya same su. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah. Ya ce ba fushi yake ba, ya yafe, amma gara su zauna inda zan riƙa ganinsu kullum in san yawansu. Ya sha ruwa, ya ƙi cin abinci. Da kaka ta wuce na je Ɗanzomo, na tarar da kufai. Aka ce sun yi arewa, wajen Damagaram.

Aminina ya ce ba akwatin ba ne, kuma ya fi ni sanin daji. Ɗaliban ma ban taɓa kama su da komai ba, ina neman gafararsu idan zargina zalunci ne. Amma har yau idan na ga jikokina sun duƙufa a kan waya, ana cewa kowa na ganin kowa kamar yadda mai tabarau ya faɗa, sai in tuna faifan nan da ba a karɓo ba.

Saboda haka ina roƙon mai karatu abu biyu. Idan ka taɓa cin karo da wani tsohon wasan kwamfuta na kora shanu zuwa Maigatari, mai jar saniya a gaba da lamba a sama ta hannun dama, ka sanar da ni ko yana nan har yanzu, kuma a hannun wa, amma don Allah kada ka faɗa wa kowa lambar. Idan kuma ka san wani dattijon Bafillace a ƙasar Damagaram da ya taɓa zama gefen Ɗanzomo, ko 'ya'yansa, ka gaya mini ko yana raye, da ko an taɓa ganin karsanar nan.