Farar Wutar Iya a Ajin Kemistiri

Shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare, mahaifina ya ɗauko ni daga Toranke ya kai ni Gaya wurin mahaifiyarsa, don makarantar ta fi kusa da gidanta. Iya muke ce mata. Iyayenta daga gabas suka zo tun ba a haife ta ba, amma har ta tsufa in ranta ya ɓaci sai ka ji Barbarci ya kuɓuce mata. Ni kuwa Maigida take kirana, irin wasan nan na kaka da jika, kullum tana ƙorafin ta samu mijin da ba ya cefane sai cin tuwo.

Malaminmu na kemistiri saurayi ne siriri, mutumin Gafasa, mai yawan dariya. Wata safiya ya shigo aji ya rubuta harafin S a allo, ya sa 32 a gefensa.

"Wannan shi ne salfa," in ji shi. "Wa ya taɓa ganinsa?"

Ya ce rawaya ne, yana da saurin farfashewa, kuma da Hausa ana ce masa farar wuta. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba.

"Malam, ai muna da ita a gida! Kakata tana daka ta da man kaɗanya, tana shafa wa masu kyasfi."

Aji ya kwashe da dariya, amma shi idonsa ya yi haske. Ya ce ɗakin gwajinmu ba shi da ko ƙwaya, ya tambaya ko za ta ara mana.

Da na koma gida na faɗa wa Iya, sai da ta kalle ni sama da ƙasa.

"Makarantar taku duk kyasfi ya kama ku ne?"

"A'a Iya, auna ta za a yi."

"A auna ta a yi me? Sayarwa na ce zan yi?"

Ta dai janyo wani gwangwani daga ƙarƙashin gado, ta ciro dunƙule guda kamar babban goro, ta ƙulle min a tsumma. Ta ce, "Maigida, yadda ka ɗauka haka za ka dawo min da ita. Tun daga kasuwar Ajingi aka kawo min."

Washegari Malam ya zo da ɗan sikelinsa mai batir. Ya ɗora dunƙulen, muka yi cincirindo a kansa. Giram goma sha shida cif.

Kafin ranar, maganar mol ta zame min ƙashin kifi. Na haddace ta, amma ban san me ake nufi ba. Ranar sai Malam ya tambaya, "Ƙwaryar goro nawa ce?"

"Ɗari!" muka amsa baki ɗaya.

"In marsa ne manya fa?"

"Ɗari."

"In minu ne ƙanana?"

"Ɗari dai, Malam."

"Nauyinsu ɗaya?"

"A'a!"

"To mol ƙwarya ce. Sai dai ita ba goro ake zubawa a cikinta ba, atam ne, wato ƙwayoyin da komai ya ginu da su, waɗanda ido ba ya gani. Adadin ba ya canzawa, nauyi ne ke canzawa. Ƙwaryar farar wuta giram talatin da biyu ce."

Ya juya ya rubuta 602 a allo, ya shiga jera sifili a bayansa, muna ƙirgawa da ƙarfi har ashirin da ɗaya. Sai da ya kusa ƙure allon. Ya ce adadin atam ɗin da ke cikin mol ɗaya ke nan. Sannan ya miƙo min alli.

"Mai kaya, zo ka faɗa mana. Mol nawa kakarka ta ba mu aro?"

Na tsaya gaban allo. Sha shida cikin talatin da biyu. Sai kawai na ga abin a fili kamar an buɗe taga.

"Rabin ƙwarya ne, Malam. Rabin mol."

"Atam nawa?"

Na raba 602 gida biyu, na rubuta 301, na jera nawa sifilan. Ya ce a tafa min. Tun daga ranar hanyar ta zauna min a kai: ka raba nauyi da talatin da biyu ka samu mol, ka ninka mol da wancan dogon adadi ka samu atam, in za ka dawo kuma ka bi sawunka da baya.

Da a nan aka tsaya da lafiya lau. Amma wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, abu rawaya, me ya sa ake ce masa wuta?" Malam ya ce bari ya nuna mana. Ya sa bakin wuƙa zai ɗan ɓantari kaɗan, sai gefe guda ya ɓalle gaba ɗaya. Na dafe kai. Ya ɗebi ɓarɓashin a cokali, ya kai bakin taga, ya kunna. Wata 'yar wuta shuɗiya ta tashi, kyakkyawa, muka yi ta "kai! kai!" Can iska ta juyo da hayaƙin cikin aji. Wari ya shaƙe mu, aka fara tari, kowa ya nemi ƙofa, Malam ma da cokalinsa a hannu yana tari yana dariya. A gindin darbejiya muka ƙarasa darasin.

Da aka sake aunawa, saura giram goma sha biyu. Malam ya ce aikin gida shi ne kowa ya lissafo atam nawa Iya ta yi asara. Ni kuwa tunanina yadda zan shiga gida.

Tana kwance tsumman ta gane.

"Ɓera ne a makarantar taku?"

Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ce giram huɗu ne kacal, kashi ɗaya cikin takwas na mol. Don in burge ta, na ƙara da cewa atam ɗin da suka tafi sun kai saba'in da biyar da sifili ashirin da ɗaya a baya, sun fi yashin rafi yawa.

Ashe na ƙara wa wuta fetur. Ta tafa hannu ta yi salati.

"Duk wannan dukiya nake da ita a ƙarƙashin gado ban sani ba, kuka ƙone? Kira min Baffanka!"

Baffa ƙanin mahaifina ne, gidansa na jikin namu. Yana koyarwa a Islamiyya, kuma shi ake nema a unguwa in za a raba gado, don yana son lissafi kamar me. Ya zo ya saurari ƙarar, yana danne dariya. Ya sa na rubuta masa adadin a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallo.

"Rabawar da ninkawar duk daidai ne," ya ce. "Abin da ban gane ba, wa ya zauna ya ƙirga?"

Na ce ban sani ba. Iya ta yanke hukunci: malamin ya zo da kansa.

Na isar da saƙon ina jin kunya, amma Malam ya ce ai dole ya je ya ba da haƙuri. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya iso a babur ɗinsa, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Iya. Ta ce, "Kai ne mai ƙone-ƙonen? Ashe ma yaro ne." Ta dama masa fura mai yawa, ta ce ya sha ya yi ƙiba, ta yafe.

Baffa kuwa bai sake shi ba. Suka baje a tabarmar zaure, ni ina tsakiya ina rubuta musu abin da suka ce a rubuta. Malam ya bayyana cewa ba ɗaya-ɗaya aka ƙirga ba, da awo da gwaji aka gano, kamar yadda za ka san yawan geron da ke buhu in ka san nauyin ƙwaya ɗaya. Baffa ya ce ya yarda da rabi, sauran rabin sai ya yi tunani. Shi ma ya jefa wa Malam wata mas'alar gado mai 'ya'ya mata uku da uwa da mata, Malam ya yi ta fama da sudusi da sumuni har aka kira la'asar bai fita ba.

Daga nan suka ƙulla abota. Kusan duk Juma'a sai Malam ya biyo, har na gama makarantar. Da ya tashi aure, Baffa ne ya karɓa masa.