Motar da Ruwanta Ba Ya Ƙarewa

Sunana Usaini, amma ban san Hasan ɗina ba. An ce mini ya rasu tun muna yaye, ni kuma ban taɓa neman ƙarin bayani ba.

A gidanmu na Wurno, in sanyi ya shigo, da an idar da Magariba sai mu cika ɗakin Inna Ige, kakarmu ta wajen uba. Ta hura wutar kara a tsakar ɗaki, ta tura dankali cikin toka, mu kuma mu yi ta ture-turen neman wuri kusa da ƙafarta. Baba kan zauna bakin ƙofa yana jan tasbaha, wani lokaci har ya yi dariyar wautar kura tare da mu. Amma akwai tatsuniya guda da ba ta cika yi ba. Da ta ce, "Ga wata nan tahe bisa taya huɗu," mu ce ta iso mu ji ta, sai Baba ya ɗauki butarsa ya fita. Mun ɗauka ya gaji da surutunmu ne.

"Motag ga, ɗiyana, gida na sukutum," in ji ta. "Da gado, da murhu, da wurin wanka, duk cikinta."

Wai baƙin da suka gina dam ɗin Goronyo ne ke kwana a ciki. Da aiki ya ƙare, injinta ya riga ya mutu, sai suka bar wa wani mai gyaran injin ban-ruwa. Ya sa shanu suka ja ta har garkarsa ta albasa a fadama, don da rani can yake tarewa da iyalinsa. Yana da 'yan biyu da aka yaye. Kamar yadda aka saba, an kai su gari wurin kakarsu, amma ɗayan ya ƙi zama, kuka ba dare ba rana, dole aka mayar da shi wurin uwarsa a garka.

Ana nan sai tankin ruwan sha da ke ƙarƙashin gado ya tsage. Mutumin ya shiga ƙasan mota, ya ga wani tanki baƙi, mai kauri, lafiyarsa lau. Nan Inna Ige kan kwaikwayi muryarsa cikin murna: "Ashe su ma awa mu su ke, randa biyu su ka ajewa." Ya ɗauraye shi, ya huda shi, ya mayar da tiyon famfo can, ya cika shi da ruwa. Ruwan bai fito garau ba, to amma ruwan fadama dama yaushe ya yi garau?

Abin mamaki, ruwan nan ba ya saurin ƙarewa. A sha, a yi wanka, a yi wanki, da safe a buɗe famfo yana zuwa. Maƙwabtan garka suka riƙa zuwa kallo, kowa na cewa albarka ce.

Sai yaron ya kama zawo da amai. Yana zubarwa uwar tana ɗura masa ruwan famfo don kada ya bushe, tana kuma wanke tsummokaransa da suka ɓaci a wurin wankan motar. Kullum jiki ƙara lalacewa yake yi. Da labari ya kai gari, kakar ta goyo ɗayan ta taho. Tana isowa, surukarta ta tari ruwa a moɗa ta miƙa wa na goye, don ya sha rana. Har ya kai baki, tsohuwa ta fizge moɗar ta shinshina.

"Tac ce, ruwan ga ƙamshin sabulu shi ka yi. Tac ce, ke ɗiyata, in kin yi wanki, ina ruwan ka zuwa?"

Ba wanda ya taɓa tambayar haka. Suka leƙa ƙasan mota, ƙasa a bushe ƙamas. Tsohuwa ta ɗauki shunin wanki ta dama a kwano, ta zuba a ramin wurin wanka, sannan ta murɗa famfo. Ruwa ya fito shuɗi.

Duk sanda Inna Ige ta kawo nan, sai mu daina tauna. Ƙanwata ta taɓa tofar da dankalin da ke bakinta. Ashe tankin dauɗa ne. Duk abin da uwar ta wanke daga jikin ɗanta, shi take sake tarowa ta ba shi da hannunta. Inna ta ce matar ba ta yi kuka ba a lokacin, tsayawa kawai ta yi tana duban tafin hannunta. An ɗauki yaron zuwa asibiti, amma ba a kai da shi ba.

Nan Inna take tsayawa. Ni ne sarkin rashin haƙuri, ni nake fara magana.

"Inna, ɗayan fa? Mi yas same shi?"

"Shina nan da rai nai," ta kan ce. "Ya cika tambaya. Ta ƙare, kowa shi ɗauki dankali nai."

Na girma na gaji sana'ar Baba ta gyaran inji, na buɗe wurin gyara a Goronyo. Inna Ige ta daɗe da rasuwa. Wata rana wani Alhaji daga Rabah ya kawo irin tsohuwar motar nan, yana son a tashe ta, ga wari ya hana shiga cikinta. Na kwanta a ƙasanta da tocila ina bin bututu. Na ruwan sha yana sama, shi kaɗai da famfonsa. Na dauɗa yana ƙasa, bututun wurin wanka da na wanke-wanke duk cikinsa suke zuba, yana da makulli a gefe da ake buɗewa a zubar. Makullin ne ya yi tsatsa ya cije, shi ya sa warin. Aiki ne mai sauƙi. Amma da hasken ya sauka a kan tankin sosai, sai na dakata da aikin. Wallahi na san shi. Akwai irinsa sak a bayan gidanmu, jikin katanga, an cika shi da yashi, mun sha duka saboda hawansa.

Ban iya ƙarasa aikin ba. Na hau babur na nufi Wurno, na wuce bayan gida kai tsaye. Yana nan. A gefensa, inda bai kamata a ga huda ba, ga huda da guntun tiyo ya bushe a ciki. Ina tsugune na ji sandar Baba a bayana. Na gaishe shi, na ce masa an kawo mini mota mai ɗaki gyara. Ya daɗe yana duban tankin.

"In ka gama," in ji shi, "ka zuba shuni ka murɗa hwamho kahin ka ba su."

Ban tambaye shi komai ba, ban kuma ga laifinsa ba. Tausayinsa ne ya kama ni, mutumin da ya so iyalinsa su sha ruwa ba wahala. Da ina ganin darasin tatsuniyar bai wuce ƙazanta ba. Yanzu na gane Inna so take mu riƙa tambayar inda abu ke zuwa bayan ya ɓace mana daga ido, ko da kowa na kiransa albarka. Ba na barin mota ta fita daga hannuna sai na yi gwajin shuni. Kuma duk sanda na murɗa famfo ina jiran launin ruwan, moɗar nan nake gani a bakin yaron goye, ina jin Inna Ige tana cewa shina nan da rai nai, ya cika tambaya.