Myagmar da Dokin Ƙofar Tsohuwarsa

Myagmar direba ne, kuma duk wanda ya taɓa hawa tsohuwar motarsa daga birnin Ulanbato zuwa wajen makiyaya ya san bakinsa ba ya hutawa. Tun yana saurayi yake jigilar baƙi masu yawon buɗe ido. Kafin a bar kwalta ya fara karatu. Kada ka tambaye shi yaushe za a isa, tambayar tana jawo tsautsayi. In an iso tantin mutane, ka zauna a mota sai an yi kiran a riƙe kare. Kwano da hannun dama ake karɓa, ko ranka bai so ba ka kurɓa. Dokin ƙofa kuwa tsallake shi ake yi. Haka ya yi ta yi har gemunsa ya yi fari.

Mutum ɗaya ne kawai ya hau motar nan bai ji karatun ba. Sunansa Doyun, wani dogon saurayi ɗan Koriya da Enkhmaa, 'yar Myagmar tilo, ta dawo da shi daga karatu, wai shi za ta aura. A gidansu kuwa ba a ɗaura aure sai Dulam, mahaifiyar Myagmar, ta ga mutum a tantinta ta gyaɗa kai. Myagmar ba ya ƙin yaron. Abin da yake ƙi shi ne 'yarsa ta koma wata ƙasa da zama. Ranar da suka ɗauki hanyar tantin Dulam, sai ya kama sitiyari ya yi gum.

"Baba, yau ɗinke maka baki aka yi?" in ji Enkhmaa. "Ka gaya masa abubuwan nan mana."

"Ai ɗan boko ne. Ya duba a wayarsa."

Enkhmaa a birni ta tashi, a gidan bene, abin da ta sani kaɗan ne, amma ta raɗa wa Doyun iya nata. Da suka isa aka riƙe kare, Doyun ya tsallake dokin ƙofa lafiya. Dulam ta miƙa masa nonon goɗiya mai tsami, ya karɓa da dama, ya shanye tas, hawaye na cika masa ido.

"Wannan zanƙalelen a ina za mu ajiye ƙafafunsa?" in ji tsohuwar, tana ƙara masa. "Ke Enkhmaa, awo aka yi miki da igiya?"

"Kaka, ke dai ki ce kishi kike."

Ana cikin haka Doyun ya miƙe zai ɗauko tsaraba a mota. Ƙofar gajeriya ce. Ya sunkuya yana kiyaye goshinsa, sai ƙafarsa ta daki dokin ƙofa, ƙwas, ya yi tangal-tangal ya fice.

A wajen Dulam, wanda ya yi tuntuɓe yana fita ya tafi da arzikin gida ke nan. Ta ajiye ludayi, ta kawar da kai. Enkhmaa ta dubi ubanta. Ba ta san maganin abin ba, shi kuwa ya sha gaya wa baƙin da ko sunansu bai riƙe ba. In ya ci gaba da shan shayinsa, magana ta ƙare, 'yarsa tana gida. Enkhmaa dai ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

Sai ya ajiye kwanon, ya fita, ya finciko Doyun ta wuyan riga ya dawo da shi ciki. Ya ɗauki busasshen kashin shanu a kwando ya danƙa masa, ya nuna murhu. Maganin ke nan: mai tuntuɓe ya koma ciki ya ƙara wa wuta, arzikin gida ya dawo. Saurayin ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi Myagmar, sannan ya durƙusa ya sa a wuta.

Dulam ta jira har kashin ya kama wuta.

"Ce wa dogon ya zauna, miya za ta huce," in ji ta. "Kai kuma Myagmar, ka kawo mini suruki ba ka koya masa komai ba? Me kake yi a motar nan?"

"Tuƙi, Inna."

A hanyar komawa Myagmar ya ɗauko karatun daga farko, tun daga maganar kare, Enkhmaa tana fassarawa har muryarta ta dishe.