Geron da Kawu Ya Hana a Taɓa

Ku da kuka san Kawu Barau, kun san jirgin sama ba ya wucewa ta kan gonarsa salin-alin. Sai ya ɗaga fartanya ya kwarara ihu: "A gaida Sani!" Ko da kuwa Legas jirgin ya nufa.

Sani ɗansa ne, da wani kamfani ya ɗauka aikin gonar dabino a Saudiyya, wai na shekara biyu. Kawu bai taɓa gane kan tafiyar nan ba. Mu masu yi masa bayanin ma ba ganewa muka yi ba.

Ran nan na kira masa Sani ta bidiyo. Ya ƙura wa wayar ido.

"An yi ruwa can?"

"Baba, nan ba a damina. Da famfo muke ban ruwa."

Kawu ya juyo gare ni: "Ka ji! Ya bar ruwan Allah ya tafi noman famfo!"

Ɗan Sani kuwa, da aka haifa bayan tafiyarsa, duk wayar da ya gani sai ya ce "Baba", har ta mai shayi. Kawu ya dubi uwar yaron: "Lami, wai jikan nan nawa ubansa nawa ne?" Muka kwashe da dariya. Lami ta shige ɗaki ta ja labule.

Babbar rigimar ita ce ta gero. Kawu ne ke nome gayaunar Sani, ya ɗaure damman ya jibge a rumbu, ya hana kowa taɓawa.

Na ce, "Kawu, ƙwari za su cinye fa."

"Mai shi zai zo ya buɗe da hannunsa."

"Ai an ƙara masa shekara. Fasfonsa ma yana hannun ubangidansa."

"Ubangida? Ni da na haife shi fa, wa ya tambaye ni?"



Kawu ya rasu bayan kaka. Sani bai samu izinin tahowa ba sai dab da sadakar arba'in. Shi ya buɗe rumbun da hannunsa, yana kuka, da geron aka yi gumbar sadaka. Muna zaune a ƙofar gida jirgi ya wuce, babu wanda ya iya ɗaga kai.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya dawo mana da 'ya'yanmu tun masu jiransu na da rai.